Na Je Sallah Misisifi, Na Ɓuge Da Taron Masu Wuta

Ni dai lokacin da Yaya ya aiko min takardar gayyata yace in zo mu yi babbar Sallah tare a Amurka, abin da ke kaina daban ne wallahi, dogayen benaye, fitilu ko'ina, irin abin nan da muke gani a talabijin. Ba wai ya ɓoye min ba, ya sha faɗa min cewa a ƙauye yake zaune, amma kun san idan babba yace maka "ai ƙauye nake" alhali yana Amurka sai ka ɗauka kawaici ne kawai, baya son a sa masa ido.

Watan Agusta ne na 2019. Kano zuwa Legas, Legas zuwa Atlanta wajen awa 12 muna sama har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, daga nan ƙaramin jirgi zuwa Memfis. Ita Memfis a jihar Tenesi take amma bakin iyakar Misisifi ce, kana fita gari kaɗan ka tsallaka. Yaya na jira da motarsa, muna fitowa waje wani irin zafi ya tare ni, ba irin namu na Kano mai ƙona fata ba, irin na Legas ne mai danshi, kafin mu kai mota rigata ta manne a baya. Muka hau babban titin da ke zuwa Tupelo. A hanya ya nuna min kwanar wani gari Blue Springs yace nan Toyota ke haɗa Corolla, nace kai, ashe gidan su motar haya muka zo. Shi ma a wata masana'antar da ke yin kayan mota yake aiki a yankin.

Kafin mu kai Tupelo ya saki babban titi muka shiga wata ƙaramar hanya, daga ita wata ƙarama, daga ita kuma wata da ko fenti babu a tsakiyarta. Daji ne kore shar, dogayen itatuwa, gonakin waken suya da auduga, shanu suna kiwo babu makiyayi, coci bayan coci. Akwai wata ciyawa mai yaɗo da suke kira kudzu, ta haye bishiyoyi ta lulluɓe su gaba ɗaya har da tsofaffin gidaje, in dare ya yi sai ka rantse wasu ƙatti ne a tsaye. Gida ɗaya nan, sai kun yi tafiya kafin ku ga na gaba. Ina duba wayata ina ganin sandunan netwok suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, huɗu, biyu, ɗaya, muna tsayawa ƙofar gida babu ko ɗaya. Nace Yaya layin nan da ka ba ni lafiya kuwa? Yayi dariya yace sannu da zuwa Amurka.

Wuta kam akwai, wannan ba magana. Na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, firji biyu, injin wanki, ruwan zafi a famfo. Amma intanet, hmm. Wani faranti ne a kan rufi yana kallon sama, na tauraron ɗan adam, kuɗinsa a wata in na faɗa muku a naira sai ku ce ƙarya nake, kuma da awo, in datar watan ta ƙare sai a rage maka gudu ya koma tafiyar hawainiya. Yaya ya min bayani cewa tauraron yana can sama wajen kilomita 36,000, duk abin da ka danna sai ya hau can ya sauko sannan amsa ta sake hawa ta sauko, shi yasa in kana magana da mutum sai ku riƙa cin karo, kai ka yi shiru shi ma yayi shiru, ku sake farawa lokaci ɗaya. In hadari ya haɗu kuwa shikenan a manta.

Ranar Lahadi 11 ga wata aka yi Sallah, muka yi sammako zuwa Memfis idi, a can muka gaisa da gida lafiya lau. Rago kuma a gonar wani dattijon Bature maƙwabcinsu muka yanka, shi ke sayar wa Yaya duk shekara har ya san ƙa'ida, da kansa yake ware wanda ba shi da aibu. Washegari Hajiya tace ita fa ba gaisuwa take so ba, gidan take so a zagaya da ita ta bidiyo a waya ta gani, tunda aka saye shi bata taɓa ganin cikinsa ba sai hoto, kuma a nuna mata jikokinta da kayan Sallar da ta ɗinka musu na kawo. Mun fi minti 40 muna abu ɗaya. Fuskarta ta fito ta daskare baki a buɗe, muryarta ta zo bayan fuskar ta ɓace, ƙaramin yaron yana ta "Hajiya Hajiya" ita kuma tana ta "wa ke magana ne". Ƙarshe muka zuba yaran a mota da kayan Sallarsu muka yi tafiyar minti 20 zuwa cikin gari, muka faka a harabar laburare, a nan aka yi gaisuwar a cikin mota. Ba mu kaɗai ba ne ma, akwai wata mota gefenmu wata yarinya ta ɗora kwamfuta a cinya tana aikin makaranta uwarta tana gyangyaɗi a sitiyari. Hajiya ta rufe da cewa, "To ni me ya kai ku wannan wuri, ko a Fagge ai ana ganin mutum."

Da daddare Anti matar Yaya ta ɗauko wani kati daga jikin firji ta ajiye gaban Yaya tace yau kam sai ka cike shi. Tare da bil ɗin wuta ya zo. Tambayoyi ne ƴan kaɗan: kuna da intanet a gida? wane iri? nawa kuke biya? yana isarku? akwai ɗalibi ko mai aiki daga gida? in muka kawo mai sauri za ku karɓa? A ƙasa an rubuta cewa cikewa ba alkawari ba ne, ana son jin ra'ayin mambobi ne kawai. Nace tsaya, ina ruwan kamfanin wuta da intanet, kuma tun yaushe kamfani ke tambayar mutum ra'ayinsa? Yaya yace ai ba kamfani ba ne irin wanda ka sani, ƙungiyar gama kai ce, namu ne, duk mai mita a yankin nan yana da ƙuri'a ɗaya, da mai ƙaramin gida da mai katafariyar gona ɗaya suke. Na kwashe da dariya nace Yaya wato yanzu kai mai kamfanin lantarki ne amma ba ka taɓa faɗa a gida ba. Yace ranar Asabar akwai taron shekara, ka shirya ka ga masu kamfani.

Kafin Asabar ɗin na koma wajen dattijon nan mai tumaki karɓo fata da muka manta, shi ne ya zaunar da ni a barandarsa ya ba ni shayin ƙanƙara mai zaƙi kamar zuma, irin nasu na kudu. Ya haura 80, Turancinsa sai ka kasa kunne sosai don jan magana yake kamar mai jin barci. Da na ɗauko masa zancen katin sai ya nuna min falwayar da ke bakin hanya yace babansa ne da maƙwabta suka sare dajin da aka bi da layin, kyauta suka ba da hanya ta cikin gonakinsu. Yace yana yaro da fitilar kananzir suke karatu, ruwa a guga daga rijiya, wanki a hannu, uwarsa tana ɗora dutsen guga a kan murhu cikin wannan zafin. Ina sauraro ina cewa a raina yo wannan ai labarin kakata ne. Yace ranar da aka kunna musu, ƙwai ɗaya ne tal yana reto a tsakar ɗaki da igiya, uwarsa ta ja igiyar ta tsaya tana kallon bango, abin da ta fara cewa shi ne ashe haka ɗakin nan yayi datti.

Daga baya da na bi tarihin sai na ga ba ƙari yayi ba. A farkon shekarun 1930 kusan gida 9 cikin 10 na biranen Amurka suna da wuta, amma a gonaki 1 cikin 10 ne kawai. Kamfanoni sun yi lissafi sun ga jan waya mil guda saboda gida biyu ko uku asara ce, suka ƙi. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara, REA, a watan Mayun 1935, majalisa ta yi mata doka a 1936, aka ware bashi mai sauƙin ruwa. Kamfanonin ba su yi rububin karɓa ba, sai manoma suka riƙa haɗa kansu, ana bi gida gida ana karɓar dala 5 kuɗin shiga, kuma dala 5 a lokacin talaucin nan ba wasa ba ce, su karɓi bashin su kafa turaku su ja waya. Daga 1944 ruwan bashin ya koma kashi 2 cikin 100, a biya cikin shekara 35. Zuwa farkon shekarun 1950 gonaki 9 cikin 10 sun samu wuta. Kuma abin ya samo tushe ne a nan arewacin Misisifi ɗin da nake zaune, don tun 1934 mutanen gundumar Alcorn, can garin Korint, suka kafa irin wannan ƙungiya suna sayen wuta daga TVA, hukumar gwamnati mai madatsun ruwa a kogin Tenesi. Tupelo kuma ita ce birni na farko da ya fara sayen wutar TVA, har yau akwai wani tsohon allo mai fitila a mahaɗar tsakiyar garin yana tuna wa mutane, Roosevelt da kansa ya zo garin a ƙarshen 1934. Yau irin ƙungiyoyin nan wajen 900 ne a jihohi 48, suna ba mutum miliyan 42 wuta, layinsu ya ratsa fiye da rabin faɗin ƙasar. Abin da ya ba ni dariya, mu ma muna da hukuma mai harufan nan uku sak, REA, dokar 2005 ce ta kafa ta. Tasu ta can ma an canja mata suna tun 1994.

Asabar ta zo. A ɗakin wasanni na wata makaranta aka yi, motocin a-kori-kura cike da fili. A bakin ƙofa mata ne a tebur da kwamfuta, ka faɗi lambar mitarka a duba sunanka a ba ka tikiti da ƴar jaka, ciki akwai hula da ƙwan fitila da rahoton kuɗi na shekara. Ni baƙo ne ba ni da ƙuri'a amma hula kam na samu, tana nan har yanzu. Abinci kyauta, na tsaya ina kallon naman da ake gasawa da zargi, Anti ta ja ni gefen da ake soya kifin tarwaɗa da garin masara, har da soyayyar kuɓewa, abin da ban taɓa tunanin ana yi wa kuɓewa ba, kuma wallahi da daɗi.

Kafin a zauna na zaga teburan da aka jera a gefe, nan ne na fahimci abin da suke nufi da hidimar mambobi. Tebur ɗaya na waɗanda bil ke yi wa nauyi lokacin zafi da lokacin sanyi, a daidaita maka shi ya zama kusan kuɗi ɗaya kowane wata. Ɗaya na mita mai biya kafin sha irin tamu ta kati. Ɗaya za su turo mutum gidanka ya duba ta ina sanyi ke zurarewa, taga ce ko rufi, don wutarka ta rage tafiya, wato mai sayar maka da kaya yana koya maka yadda za ka rage saye, na daɗe ina juya wannan. Akwai na fitilar tsakar gida da suke kafa maka a falwaya ka riƙa biyan ɗan abu a wata, in ta mutu su ne da gyara. Akwai na ƴan canjin da ke saman bil, in ka yarda a cike maka shi zuwa dala guda, ragowar a tara a taimaki wanda gobara ta ci ko makaranta. Akwai hotunan ɗaliban sakandare da ƙungiyar ta kai Washinton yawon buɗe ido. A waje kuma ma'aikatan layi sun kafa ƙaramar falwaya suna nuna wa yara abin da wuta ke yi wa reshen bishiya, yaran Yaya suka maƙale a wurin, babban yana ta "Baffa zo ka gani, Baffa zo ka gani". Amma duk teburan nan ba kowa sosai. Layin yana tebur ɗaya ne a ƙarshe, inda aka kafa taswirar yankin da akwatin zuba katin nan, kowa na leƙa taswira yana neman hanyar gidansu da yatsa.

Aka buɗe da addu'a irin tasu, aka yi taken ƙasa, ma'aji ya karanta lissafi mutane suna hamma. Da manaja ya tashi ya ambaci intanet sai ka ji ɗakin yayi tsit.

Yadda na fahimci bayaninsa, da can dokar jihar ta tsare su a kan wuta kaɗai, ba su da ikon sayar da wani abu. Sai a watan Janairun shekarar nan ta 2019 majalisar jiha ta yi sabuwar doka gwamna Phil Bryant ya sa hannu, bayan wani kwamishina mai kula da harkar wuta da waya a arewacin jihar, Brandon Presley, ya daɗe yana yawo gari gari yana tayar da maganar. Amma dokar da sharuɗa, dole a buɗe wa intanet ɗin reshe daban da asusunsa daban, ba za a ɗauki kuɗin wuta a cike masa giɓi ba, kuma sai an yi nazari an tabbatar zai iya riƙe kansa. Ya ɗaga wani guntun igiya baƙa ya ɓare bakinta ya nuna zaren da ke ciki, na gilashi, siriri kamar gashin kai, yace haske ne ke gudu a ciki ba wuta ba, shi ne fayiba. Yace turaku muna da su, hanya muna da ita tun zamanin iyayenmu, motoci da ma'aikata muna da su, mun san ƙofar gidan kowa, kuma mu kanmu muna buƙatarsa don mita ta riƙa sanar da ofis da kanta in wuta ta ɗauke. Abin da ba mu da shi kuɗi ne, bashi za a ci na miliyoyin daloli, kuma bashin a wuyan mu duka yake. A irin layinmu gida bakwai ko takwas ne a mil guda, kamfanonin birni suna da fiye da 30. In muka ja zaren nan ya wuce ƙofar gida goma, biyu suka karɓa, mun shiga uku. Shi yasa muke tambaya kafin mu fara. Ya kawo misalin wata ƙungiya irin tasu a jihar Mizuri, Co-Mo, da ta riga su gwadawa ta kai wa mambobinta har gida.

Aka ba da dama, nan fa aka yi ta. Wani mai gonar kaji yace na'urorin da ke lura da zafin ɗakunan kajinsa suna buƙatar layi mai kyau, dare ɗaya in fanka ta tsaya bai sani ba dubban kaji ne za su mutu. Wata tace ɗanta ya samu aikin da za a iya yi daga gida amma dole ya koma birni, jikokinta sun tafi kenan. Wani tsoho da jar fuska ya tashi yace shi bai da kwamfuta baya so, shekara 50 yana biyan wuta, kar a jefa ƙungiyar ubansa a bashi saboda yara su kalli fim. Wasu suka tafa masa, ba kaɗan ba kuma. Wani kuma ya ɗauko tsohuwar ƙorafi, yace surukinsa a wata jiha duk shekara ƙungiyarsu tana mayar masa da rabonsa na rarar kuɗi, mu ina namu? Aka ce masa wanda ke sayen wuta daga TVA yarjejeniya bata yarda a raba ba, a cikin layi da sauƙin farashi ake mayarwa. Bai gamsu ba, ya zauna yana ƙunƙuni.

Wadda ta fi burge ni wata dattijuwa ce baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, da hula irin ta zuwa coci. Bata ɗaga murya ba. Tace ita bata da ja a kan a yi, tambayarta ɗaya ce, ta wane gefe za a fara? Don lokacin da aka kawo wuta ta san gefen da aka fara da gefen da aka bari sai daga baya. Ɗakin yayi wani iri. Sai a lokacin na lura da abin da idona ya gani tun ɗazu ban kula ba, mutanen da ke kujerun ƙasa a gauraye suke, fari da baƙi, kuma Misisifi ita ce jihar da ta fi kowace yawan kason baƙar fata a Amurka, wajen kashi 38 cikin 100, amma dogon teburin daraktoci a sama duk tsofaffin Turawa ne maza. Manaja yace za a fara da inda katin ya fi dawowa da yawa, kuma za a buga taswirar kowa ya gani. Tace to a ba ta kati 50 za ta kai cocinsu gobe. Aka yi dariya, amma ta tsaya har sai da aka ƙirgo mata.

Kar in yi muku ƙarya in ce na ga aljannar duniya. Zaɓen daraktocin da aka yi, babu wanda ya tsaya takara da su, aka karanta sunaye aka ce wa ya yarda, aka ɗaga hannu shikenan. Ƙungiya mai dubban mambobi, waɗanda suka zo ba su cika ɗakin ba, kuma rabinsu Yaya yace kyautar ƙarshen taro suka zo jira. Ai kuwa da aka fara juya tikiti a cikin ganga kowa ya farka, wannan ya ci talabijin, wancan an yafe masa wani abu daga bil. Nace Yaya wannan ba caca ba ce? Yace ka zuba ko sisi? Nace a'a. Yace to yi shiru ka duba lambarmu. Ba mu ci komai ba. Shi kansa Yayan da yake min alfahari da "namu ne", shekararsa shida a gidan, wannan ne zuwansa na farko, kuma don ni ne da Hajiya da ta ba shi kunya.

A mota muna komawa na yi shiru, Anti tace ko kuɓewar ce. Ba ita ba ce. Unguwarmu nake tunawa, shekarar da taransifomarmu ta ƙone muka yi wata uku a duhu, aka kafa kwamiti a ƙofar masallaci, aka yanka wa kowane gida kuɗi, masu shago nasu daban, aka bi gida gida da littafi, har da gwauruwar da ke sayar da ƙosai ta kawo nata a ƙulle a bakin zani. Muka saya, muka sayi waya, muka biya masu ɗaurawa. Wato duk abin da manoman nan suka yi da dala 5 mun yi shi, kuma ba sau ɗaya ba. Amma ranar da aka kunna, taransifomar ta tashi daga tamu, ba takarda, ba ƙuri'a, ba taron shekara da za ka tashi ka ce ina lissafi, ƙarshen wata kuma bil ya zo da kuɗin da ba wanda ya san yadda aka auna shi. Littafin karo-karon yana nan a durowar mai unguwa. Na faɗa wa Yaya haka yace ai mu gayya muka iya, in an gama noma kowa ya kama gabansa, su kuma da suka gama gayyar sai suka yi mata rajista. Nace har da bashin gwamnati na shekara 35 fa, kar ka manta da wannan. Yace gaskiyarka.

Kwana biyu kafin in taho aka yi wata guguwa da daddare, tsawa kamar sama za ta tsage, wuta ta ɗauke. Ni har na ji daɗi a raina, nace yauwa, bari in ga yadda masu kamfani ke yi. Na tambayi Yaya ina janareta yace babu. Anti ta ɗauki wayar gida ta kira wata lamba ta koma ta kwanta. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙugin mota, na leƙa ta taga, ruwa bai gama tsayawa ba, ga babbar mota da fitila mai juyawa, mutum ɗaya a cikin kwandon nan da ke ɗaga mutum sama, ɗaya a ƙasa da zarto yana yanka reshen da ya faɗo kan waya. Na sa rigar ruwan Yaya na fita, al'ada ta motsa, hannuna har ya shiga aljihu. Na ƙasan ya ɗago ya gaishe ni yace ai ya gan ni a taro, ni ne baƙon da ya ci kifi faranti biyu. Na zare hannuna a hankali. Yace in koma ciki kar in taka waya.

Katin kam Yaya ya cike shi a gabana, a wajen "za ku karɓa?" ya danna biro har takardar ta huje.

Na dawo gida ƙarshen Agusta. Ba a yi wata bakwai ba korona ta rufe duniya, makarantu suka koma ta intanet, Anti tace kullum da safe sai ta kwashi yara zuwa harabar laburaren nan, wataran ma babu wurin fakin. A shekarar 2020 ɗin jihar ta ware dala miliyan 65 daga kuɗin tallafin korona ta ba ƙungiyoyin wutar, da sharaɗin su ma su zuba nasu daidai da abin da suka karɓa, aka shiga jan zare ba dare ba rana. Yaya ya riƙa turo min hoton motocin suna matsowa, yau suna kwanar coci, wani satin suna gaban gonar dattijo mai tumaki. Shi ma dattijon wai ya karɓa, don ya riƙa ganin likitansa ba sai an kai shi Tupelo ba.

Ranar da aka haɗa musu ya kira da bidiyo ina wajen Hajiya, ya fara daga ƙofar gida, falo, kicin, ta sa aka buɗe mata firji ta ga abin da suke ci, ta yi faɗan labulen ɗakin yara. Ana cikin nuna mata bayan gida inda Anti ta shuka yakuwa sai hoton ya daskare. Hajiya ta miƙo min wayar tace ka gani ko, har yanzu ba su gyara ba. Na duba, datata ce ta ƙare.